An Juya Baba Gabas

Liman Abaji, Keffi
Litinin

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya sanyin Mambila, ya 'yan makarantarki? Mu nan lafiya lau, ban da jikin Baba da kika riga kika ji. Tunda tsawa ta kashe muku sabis na koma biro da takarda kamar ɗan firamare. Lucky, direban da ke kai fiya Abuja, shi zai miƙa miki.

Yaya, ki taya ni godiya ga Allah da ya nuna mana zamani. Asibitin nan da aka kwantar da Baba ban taɓa ganin wuri mai tausayi irinsa ba. Tausayinsu ya kai ba sa barin marar lafiya ya gaji da hutu. Yana wani ɗaki da suke kira Ai-si-yu, inda ake ajiye waɗanda ciwo ya tsananta. Ka cire takalmi, ka kashe waya, mutum ɗaya ke shiga, sauran su tsaya bayan gilashi suna leƙe kamar masu kallon ƙwallo a Sabon Gari. Likita ya ce ciwon huhu ne, majina ta cika shi, shi ya sa aka sa masa bututun iska a hanci.

A gidanmu in mutum ba shi da lafiya sai a shimfiɗa masa, a lulluɓe shi, a rage murya. Nan kuwa juya shi suke kamar masa a tanda. Kafin gefe ɗaya ya ɗumama an birkita shi, a cusa filo nan, a zare can. Wai don kada ya yi gyambo. Rigar da suka sa masa ma abin a yaba ce wajen tattalin yadi: gaba kawai gare ta, bayan igiya ce.

Ranar Asabar suka ƙure. Na leƙa na tarar da Baba rub da ciki. Baba fa! Mutumin da in ya same mu muna barci a kife sai ya taɓa mu da ƙafa ya ce kwanciyar da Allah ba ya so ke nan. Kuma daidai lokacin Liman ya zo dubiya da mutanen masallaci. Liman ya duba sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Har yanzu ban san ko ciwon yake nufi ko kwanciyar ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tare nas ɗin, wata Sista Paulina, 'yar Eggon, ba ta da tsawo amma ba ta da tsoro. Ta ce, "Oga Ɗanbala, in ya kife bayan huhu yana buɗewa, iska ta fi shiga. Dubi lambar da ke kan na'ura da idonka." Na ce mata ni ba lamba na kawo asibiti ba, uba na kawo. Akwai kuma wani Manasseh, fisiyo, aikinsa lanƙwasa wa tsoho ƙafa da miƙe ta. Shi burinsa ma wai Baba ya zauna, daga nan ya miƙe tsaye. Mutum da bututu a hanci! Na tambaye shi ko gasar gudu za su sa shi.

To, kin san ƙanenki. Ni da nake sayar wa 'yan Abuja fili a bakin kwari in rantse musu iskar wurin ta fi ta Maitama, ba nas ce za ta fi ni baki ba. Yau na ɗaga murya har sai da mai gadi ya leƙo. Alhamdu lillahi, an yi abin da ya kamata. Da yammacin nan, a gabana, aka juya Baba ta hannun dama, aka fuskantar da shi gabas. Na tsaya a kansa na yi addu'a. Yanzu dai ya samu hutu, ni ma hankalina ya kwanta. Sauran sai haƙuri.

Ki gaida Malam.
Ƙanenki, Ɗanbala.

*

Mambila
Alhamis

Ɗanbala,

Wa alaikumus salam. Mu nan lafiya, yara suna gaishe ka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin hanya, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Maganar masa da tanda duk ban tsaya kanta ba. Na san halinka tun kana ƙarami, ko a bakin kabari sai ka yi barkwanci don kada a ga hawayenka. Na wuce zuwa ƙarshe, na ga abin da ka kasa faɗa kai tsaye. An juya shi gabas, ka tsaya a kansa. Allah ya saka maka, ƙanena. Ba ka ce ya cika ba, don haka na ɗauka yana hanya.

In haka ne, don Allah kada a bar shi ya cika a bayan gilashi. Sau nawa yake cewa shi dai a ɗakinsa na zaure, kusa da keken ɗinkinsa, inda yake jin kiran salla? Na rubuta wa Kawu Musaddiq, tunda shi ne ƙanen Baba kuma babba a yanzu. Lucky zai ajiye masa a Garaku. Ya zo ya tsaya maka, a mai da Baba gida.

Ni ba zan iya zuwa ba. Cikin nan ya tsufa, ruwa kuma ya ɓata hanyar dutse, Malam ya ce ko a kan gawarsa ba zan hau mota ba. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Ga ƙunshi nan a hannun Lucky. Farin yadi ne, ni na shiga kasuwa na zaɓa da hannuna. Duk kayan sallar da muka taɓa sawa Baba ne ya ɗinka mana. Ba na so suturarsa ta ƙarshe ta fito daga hannun wani ba 'yarsa ba.

Ka riƙa laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ban da surutu. Ka ce masa Lailatu tana neman gafara.

Yayarka, Lailatu.

*

Liman Abaji, Keffi
Lahadi

Yaya,

Salama da gaisuwa. Ya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba, amma ba don abin da kike zato ba. Baba yana da rai. Ya ma fi yadda yake.

Kin san daga wajenku sai an bi ta Garaku kafin a iso Keffi. Lucky ya ajiye wa Kawu tasa takardar, ya ga fiya za ta lalace, ya zarce Abuja da tawa a aljihu. Ni kuwa na je Masaka nuna fili, ban san komai ba. Na dawo na tarar da tabarmi tun daga zaure har bakin titi, ga butoci a jere, ga babura, ga kukan Goggo, ƙanwar Baba, daga cikin gida. Wani ma ya tare ni yana tambayar ƙarfe nawa za a yi salla.

Kafin in yi magana Kawu ya rungume ni. Ya ce, "Ɗanbala, ka yi abin ɗa. Da an bar ɗan'uwana ya cika a kife, kai ka tsaya aka juya shi gabas." Ya ɗaga takardarki ya karanta wa jama'a. Liman ya ce Allah ya yi mini albarka, zaure ya ɗauki amin. Yaya, tun da aka haife ni ba a taɓa yabona a zauren nan ba. Kullum ni ne dillali mai zaƙin baki. Na buɗe baki in gyara magana, sai na ji bakin ya ce amin.

Ga abin da ya faru ranar Litinin ɗin. Lokacin juyinsu ne ya zo daidai da ihuna. Layin hannun dama ne, gadon kuma haka yake, in an juya dama gabas ake kallo. Ina fita suka ci gaba da aikinsu, kafin isha yana kallon yamma. Hutun da na ce ya samu barci ne, har da minshari. Na rubuta miki ne don ki san ƙanenki ya iya da ma'aikatan asibiti, ban san na rubuta sanarwar rasuwa ba.

Washegari muka ɗunguma asibiti, Kawu a gaba, Goggo da mutanen masallaci a baya. Muka jeru a gilashi. Sai ga Baba a zaune a bakin gado, ƙafafu suna lilo, Sista Paulina ta tallafe shi. Na ce a raina shi ke nan, ido zai yi mini maganar da baki ya kasa. Manasseh ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, yau ƙafa za ta gaisa da ƙasa. Mu miƙe." Baba ya ɗago ya dubi gilashi, ya gan mu. Sai ya damƙe zanen gado, ya girgiza kai, ya koma ya kwanta ya rufe ido. Kawu ya ce, "Kun gani ko? Mutum yana hanya ana sa shi faretin soja. A ba mu abinmu."

Likita ya ce in aka cire bututun nan ba zai yi alkawarin Baba ya kai gida Liman Abaji da rai ba. Kawu ya ce ai da ma ba likita ke kai mutum ba. Manasseh kuma ya ja ni gefe ya ce huhun yana warwarewa, amma kwanciya tana cin naman ƙafafun. Duk ranar da bai miƙe ba, miƙewar tana ƙara nisa, majinar ma tana iya komawa ta kwanta. Tun ranar kuwa Baba ya ƙi. Da an ce tashi sai ya rufe ido.

Ba a fitar da shi sai na sa hannu, ni ne ɗa namiji. Kawu ya miƙo mini biro. Sai dillancin ya motsa, na ce Baba bai taɓa yanke wata magana ba sai ya ji ta bakin babbar 'yarsa, a jira amsar Lailatu. Kawu ya yarda, don takardarki tana aljihunsa, yana ganin ya san amsar. Ya ƙi komawa Garaku, yana nan zaune a zaure yana jiran motar fiya.

Ni na ƙulla, na ɗora miki kwancewa. Na san ba halin maza ba ne. Ƙunshinki yana ƙarƙashin gadona, ko kallonsa ba na iya yi.

Ɗanbala.

*

Mambila
Laraba

Ɗanbala,

Lafiya lau muke. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Da kana kusa da sai na ja kunnen nan naka har ya yi ja, sannan in rungume ka. Ka san an yi mini zaman jaje a nan? Hedimasta ya tara yara sun yi addu'a, matan unguwa sun yi ta kawo abinci. Jiya na bi gida gida da tsohon ciki ina mai da kwanuka, ina cewa uban nawa bai tafi ba, karatu ne ban iya ba. Malamar makaranta guda!

KADA A FITAR DA BABA DAGA ASIBITI. Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada a samu ma'ana biyu. Ka karanta wa Kawu a zaure, gaban waɗanda suka ce amin. Sannan ka faɗa musu yadda aka yi gabas ɗin da bakinka. In ba ka faɗa ba, Kawu zai ce tausayin mata ne ya kama ni, ya ci gaba da neman biro.

Sai magana ta biyu. Na koma takardarka ta farko na karanta ta tun daga sama, abin da ya kamata in yi tun farko. Ka ce rigar gaba kawai gare ta. Ka rubuta don ka ba ni dariya. To, ka taɓa ganin gwiwar Baba? Ni ban taɓa ba, kuma na girme ka. Ko wanka zai shiga da jallabiya yake shiga, da ita yake fitowa. Kun jera masa ƙanensa da ƙanwarsa da mutanen da yake sahu ɗaya da su, kuna so ya miƙe da baya a buɗe? Ba ƙafa ba ce ta ƙi, Ɗanbala. Kai da ka ji kunya don Liman ya gan shi, ba ka tambayi kanka shi me yake ji ba.

Ka nemo masa abin da zai rufe shi. Yadin nan kuma ka ɓoye shi inda ba zai taɓa gani ba.

Yayarka, Lailatu.

*

Liman Abaji, Keffi
Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam, ina gaida kwanukan unguwa. Baba yana samun sauƙi.

Na yi yadda kika ce. Bayan la'asar na miƙe a zaure na karanta manyan baƙaƙenki, sannan na faɗi sauran. Na sayar da filin da ruwa ke kwanciya a kai ban yi gumi irin na ranar ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Wato amin ɗin da ka yi ta amsawa fa?" Na ce ta kuɓuce mini ne, Kawu. Wani ya tambayi Liman ko za a janye albarkar. Liman ya ce an riga an sa, sai dai a yi fatan ta same ni a hanya. Kawu ya mai da biro aljihu ya ce ya ji, amma shi sai ya ga ɗan'uwansa a tsaye da idonsa. Yanzu daga Liman Abaji har tasha sunana Ɗanbala Gabas.

Na kai jallabiyar Baba asibiti, Sista Paulina ta ce ba za ta yiwu ba. Ga bututu, ga wayoyin ƙirji, ga allurar ruwa a hannu, ta ina za su bi? Sai dai a ɗinka wata mai maɓallai a kafaɗa da gefe, ta farin auduga marar nauyi da za a iya wankewa da ruwan zafi. Ta zana mini a bayan kwali, ba ta ko tuna mini maganar lamba da uba ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Na dawo gida ina tunanin inda zan samu farin auduga mai kyau, sai na tuna a kansa nake kwana.

Ki yafe mini, na saɓa miki. Ban kai wa telolin cikin gari ba, duk yaran Baba ne, da sun taɓa yadin labari ya zaga. Na hau keke zuwa Sabon Gari wurin wata Filomina. Ta warware ƙunshin ta dube ni ta ce, "Oga, wannan yadi ba na biki ba ne fa." Na ce ta ɗinka kawai, mai shi ya ɗaga tafiya.

Jiya da hantsi na shiga da ita. Sista Paulina ta ja labule, ni da Manasseh muka sa masa, ta kai har idon sawu, baya a rufe ruf. Baba ya kama gefen rigar ya murza tsakanin yatsu. Muryarsa ta dushe, sai na sunkuya.

Ya ce, "Wa ya sayo?"

Na ce, "Yaya Lailatu."

Ya ce, "Ta iya zaɓe. Wa ya ɗinka?"

Na ce wata ce a Sabon Gari. Ya juya kalmasar ya duba ya ce ta karkace, amma hannunta da tsabta. Ya sake murza yadin. Can ya ce, "Na yanka wa mutane irin yadin nan ba iyaka. Ban taɓa sa masa maɓalli ba." Na rasa inda zan sa idona. Sai ya dubi Manasseh ya ce, "Yaro, ɗaga ni. Ke kuma 'yata, buɗe labulen."

Yaya, ba zan yi miki dillanci ba, ba kyan gani. Ƙafafun suna rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ya riƙe ƙarfen dogarawa, Manasseh ya kama shi ta ɗamara, Sista Paulina tana biye da tukunyar iska. Ya tsaya, ya huta, ya ja ƙafa, ya sake tsayawa. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar. A haka har ya kai gilashi, inda Kawu da Goggo da Liman suke. Kawu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Baba ya motsa baki, ba su ji ba, sai Sista Paulina ta leƙa ta ƙofa ta ce, "Baba ya ce a tambaye ku, wa ya rasu kuka taru haka?"

Kawu ya koma Garaku da yamma. Likita ya ce da sauran aiki, amma in aka ci gaba a haka za a mai da shi ɗakin jama'a. Da aka kai shi gado kuma, da bakinsa ya ce a kife shi, wai ya fi jin iska. Na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ba kai ke tashinmu da ƙafa ba?" Ya ce, "Kai lalaci ne ya kife ka. Ni likita ne ya kife ni." Manasseh ya yi dariya har da riƙe gado.

Allah ya sauke ki lafiya, ya gyara muku sabis, don ni da biro mun rabu.

Ƙanenki, Ɗanbala Gabas.

Af, na manta. Filomina ta maido ragowar yadin, da yawa. Baba ya ce in tambaye ki, tunda ke kika saya: a yi masa wando da shi, ko akwai wani kuma da kike jiran labarin rasuwarsa?